Gitar bas da ta ƙi yin shiru: abin da ya faru da wani makaɗi a Damagaram, 2022 zuwa 2024

Asalin lamarin

Yaron da zan kawo lamarinsa ɗan nan Zinder ne, shekarunsa ashirin da ƴan kai, yana da sana'arsa ta rana, da dare kuma ko ƙarshen sati yana riƙe bas a wani ƙaramin orkes na mutum biyar da ake ɗauka biki da suna da taron ƴan lekol. Ni ne mai sono ɗinsu, baful da mikoro da ralonji duk a hannuna suke, shi yasa kusan duk abin da ya samu gitar nan a gabana ya faru, awon da zan kawo kuma a littafin da nake rubuta kuɗin hayar kaya na riƙa ajiye shi.

Da can mai piyano ne ke yi musu bas da hannun hagu kaman yadda ƙananan orkes da yawa ke yi a garin nan, shi yaron yana koyo da ta aro, in mai ita ya zo ya karɓe abarsa sai a koma piyano. Ya daɗe yana tara kuɗi, har adashi ya shiga sabida wannan gita, dan haka ba abin wasa ba ce a wurinsa.

Ga wanda bai san kayan ba, bas ta kuran tsirkiya huɗu gare ta, Mi, La, Re, Sol, tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki, wato ƙarfen nan na ƙasa da tsirkiyoyin ke hawa, milimita 864 ne. Ta Mi mai kaurin tana kaɗawa wajen sau 41 a sakan ɗaya. In an ɗaure huɗun daidai suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana ba hutu, shi yasa ake binne sandar ƙarfe a cikin wuyan da noti a kanta, ana matsawa ko a sassauta dan wuyan ya tsaya inda ake so. Kamfanin Fender na Amurka ne ya fitar da Precision Bass a 1951, sai Jazz Bass a 1960, kuma yawancin bas ɗin da ke yawo a kasuwanninmu kwafin ɗaya ne daga cikin biyun nan.

Oktoba 2022: saye

Okazon ce, ta biyo kaya daga Kwatano, wani ɗan kasuwa mai kawo rediyo da baful na hannu ya zo da ita tare da ampuli mai wat 60. Kwafin Jazz Bass ce, baƙa, mikoro biyu masu ɗaukar sautin tsirkiya a jikinta, maɓalli uku a kan farantin ƙarfe, ba ta amfani da pil. Sunan da ke kanta na liƙawa ne ba wanda ya ɗauke shi da gaske. Gita jaka 85 na sefa, ampuli jaka 60.

An gwada ta a shagon da rana tsaka, kasuwa na ci, gurup ɗin maƙwabta na ruri, an kunna ta ƴan mintoci kowace tsirkiya ta yi magana, maɓallai na juyawa, wuya a miƙe in ka hanga daga kai. Ba a ɗora mita a kanta ba, ba a buɗe cikinta ba, kile na sandar wuya ma ba ta zo da shi ba, jakarta kuma ta yadi ce mara soso. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, iska da sauran laima. Sati shida na farko lafiya lau, ya yi bukukuwa da ita, akwai ɗan zzz a baful in an yi shiru tsakanin waƙa da waƙa amma dai irin wanda kowa ya saba ji ne.

Disamba 2022 zuwa Janairu 2023: wuya ya lanƙwashe

Da hunturu ya kama sosai abu uku suka fito kusan tare. Tsirkiyoyi suka yi sama da wuya har sai ya yi da ƙarfi kafin ya danne, kafin a gama biki hannunsa na hagu ya sage. Bakin firet, ƙarafan nan da ke gicciye a wuya, suka leƙo ta gefe suna yankarsa, na ga gindin manuninsa da ƙananan tsaga jere kaman an ja masa reza, ya naɗe da sikoch yana ci gaba da kiɗa a haka. Sannan duk lokacin da yatsunsa na dama suka gogi robar da ke rufe gaban gitar sai baful ya yi tsat-tsat.

Ga awon da aka yi ranar 18 ga Disamba. Ana danne Mi a firet na 1 da na ƙarshe lokaci ɗaya, a duba ratar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 8, abin da ake so wajen milimita 0.3 ne. Muka zura robar nan babba da ake ɓalle katin SIM daga jikinta, kaurinta 0.76, ta shige ta fita ba ta taɓa komi ba. Da aka aro kal na awon bawul wajen mai gyaran mashin sai ya nuna 1.1. Tsayin Mi a firet na 17 kuma milimita 5, alhali wajen 2.4 ya kamata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwatano bakin teku ne, laimar iska can tana zama wajen kashi 80 cikin 100, mu nan da hunturu tana sauka ƙasa da 20, masu ƙera gita kuwa 45 zuwa 55 suke so. Katako in ya bushe yana tsukewa ta faɗi, ƙarfen firet ba ya tsukewa, sai bakinsa ya fito waje, kaman dai ƙofar katako da ke cijewa da damina ta yi lako-lako da rani. Wuyan wannan gitar da ya bushe sai ya bi jan tsirkiya ya ranƙwafo gaba.

Abin da aka fara yi, yaron ya sauke ƙananan ƙarafan jaki har ƙasa, tsayin ya dawo 4 amma daga firet na 12 zuwa sama sai ƙarr-ƙarr, nota na mutuwa. Sai mai gitar solo yace bari ya matsa sandar wuya, ya zo da kile alen na inci 3/16, wato milimita 4.76, notin kuwa na milimita 5 ne, kuma tsirkiyoyi na ɗaure ya murɗa da ƙarfi. Kilen ya zame sau biyu ya cinye kusurwoyin notin, wuya ko gezau. Nan aka tsaya. Ya yi watan Janairu duka a haka, kuma da yake sai ya ja tsirkiya nesa kafin ta taɓa firet, notocinsa na sama suna ɗan haurawa, mai piyano yana ta juyowa yana cewa "aboki bas ɗinka ba ta kan nota fa", shi kuma ya duba a waya ya ga tsirkiya a sake daidai take.

Fabrairu zuwa Maris 2023: ƙara, da kuɗin da ta ci

Azumin 2023 ya kama wajen 23 ga Maris, kuma kowa ya san yadda aure ke yawa kafin azumi, lokacin ne orkes ke samun na shekara. Daidai lokacin ne zzz ɗin nan ya girma har ya zama ko ana kiɗa ana jinsa, in wurin akwai fitilu masu launi ko an jona cajar waya kusa da ampuli to abin ba ya sauraruwa. Ƙarƙashinsa kuma akwai wani gurnani mai kauri, huuum, wanda ba ya tashi ba ya sauka.

An bi su ɗaya bayan ɗaya. Sabon fil, jaka 6, ba canji. Aron ampulin wani orkes, ƙarar ta biyo gitar. Maɓallai suna ƙaras-ƙaras in an juya sabida ƙura, wani ya fesa musu man cire tsatsa, suka yi shiru kwana biyu man ya kama sabuwar ƙura suka dawo fiye da da, sai da aka sayo feshin wanke kayan lantarki na ainihi jaka 3 sannan wannan ya tafi, amma zzz na nan inda yake. Daga nan bakin kowa ya zo ɗaya cewa mikoron jikin gitar ne suka mutu. Aka ba direba sautu zuwa Sabon Garin Kano ta hanyar Matamai da Daura, ya kawo sabbi guda biyu jaka 24. Da aka zo sakawa na wajen jaki ya ƙi shiga, sabida a tsarin Jazz Bass na ainihi ya fi na wajen wuya tsawo da wajen milimita 3, ita kuwa wannan kwafin ramukanta biyu girmansu ɗaya. Kafinta ya faɗaɗa ramin da kurfi jaka 2, mai liƙa waya jaka 3. Sauti ya ɗan ƙara haske. Ƙara ko ɗigo ba ta ragu ba. Jimilla jaka 38.

Sai ya koma dabara, yana rufe maɓallin sauti gaba ɗaya dan ya dusashe zzz ɗin, yana kashe murya duk aka gama waƙa. Kuma ya samu wata al'ada da shi kansa bai san lokacin da ya fara ta ba, yana ɗora ƙaramin yatsansa na dama a kan farantin ƙarfen maɓallai yana kiɗa, in an tambaye shi yace haka ta fi yin shiru. A wani biki cikin Maris wani dattijo daga dangin ango ya taso ya same ni wajen tebur yace "ɗana wannan mai zuzun a kashe mana ita, mata na cewa kansu na ciwo". Aka kashe, piyano ya karɓa, yaron ya zauna kan baful har aka tashi, ko abincin bikin bai ci ba. Cikin azumi ya sa ta kasuwa, wanda ya fi tayawa jaka 40 ya ce, sai ya fasa.

Mayu 2023: teburin mai gyaran rediyo

Bayan Sallah muka kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin da muke kira Baba, wanda ya faɗa mana tun farko bai taɓa buɗe gita ba a rayuwarsa. Bai ɗauki turnabis ba ma, ya jona ta a ampuli ya ƙure murya yace "ɗana ɗora hannunka kan tsirkiya". Zzz na nan, har ya ɗan ƙaru. "Ɗage. To taɓa wannan farantin." Ɗif, sai gurnanin nan kawai. Ya sa ya maimaita, sannan ya jawo mita ya sa ta a awon om, tsinke ɗaya a bakin ramin fil ɗaya a farantin maɓallai, ta yi ƙara, 0.3. Ya mayar da tsinken kan tsirkiya, mita ta yi shiru ba ta nuna komi ba. Yace "Malam mai sono, ƙarfen nan ba shi da mas." Wato ba a haɗe yake da hanyar da ke kwashe ƙara ta kai ta jikin ampuli ba.

Aka sassauta tsirkiyoyi aka kwance jaki, kusoshi biyu daga cikin nasa da yatsa ma suna juyawa tun da katakon ya bushe ya sake su. Ƙarƙashinsa ga wata ƴar waya ta fito daga wani ɗan rami, bakinta silli uku ne kacal, sun yi kore, sun nutse cikin fenti har sun bar shaidarsu a kwance, ƙarfen jakin yana shawagi a samansu ba ya taɓa su. Wannan wayar ita ce ke haɗa jaki da tsirkiyoyi da mas na gitar. Yadda Baba ya bayyana mana, jikin mutum yana kwasar ƙarar kuran da ke cikin ɗaki, in ka rungumi gita ka kawo ƙarar kusa da mikoro ke nan, amma in tsirkiya na da mas to da ka taɓa ta ƙarar ta samu hanyar wucewa. Tasa hanyar a yanke take, ƙaramin yatsan nan da yake ɗorawa a faranti shi ke yin aikin wayar.

Ya ja sabuwar waya, ya feɗe bakinta wajen santimita 2 ya baza sillayen, ya kankare ƙasan jakin da sanfefa har ya yi fari, ya cusa tsinken sakace da gam na katako a ramukan kusoshin da suka sake, ya ɗaure. Mita daga tsirkiya zuwa ramin fil, 0.4. Sannan ya shimfiɗa takardar alminiyam a cikin ramin maɓallai da bayan robar gaba, da yake dalma ba ta kama alminiyam sai ya danne waya a kanta da ƙaramar kusa ya kai ta mas. Wannan ya kashe tsat-tsat ɗin roba, wanda dama cajin busasshiyar iska ne ke taruwa a jikinta, ya kuma rage sauran zzz ko hannu ba ya kan tsirkiya.

Saura gurnani. Shi wannan daga kuran ɗin gari ne kai tsaye, namu 220 ne mai juyawa sau 50 a sakan, mikoro mai naɗi ɗaya kuma dole ya kwashe shi, takarda ba ta tare shi. Abin da ya sa yake damun bas fiye da sauran kaya, notar Sol ta firet na 3 a kan Mi tana kaɗawa sau 49 ne, kusan daidai da shi, in ka riƙe ta sai su riƙa karo kana jin wum, wum, wum a hankali. Amma mikoron Jazz Bass biyu an naɗe su ne akasin juna, maganaɗisunsu ma haka, in ka buɗe muryarsu duka daidai sai gurnanin ɗaya ya cinye na ɗaya. Yaron ya saba rufe na wajen jaki rabi dan yana son kauri. Ya buɗe su duka, ɗakin ya yi tsit. Ita Precision tun 1957 aka raba mikoronta gida biyu sabida wannan, shi yasa ba ta da wannan hali.

Wuyan ma a teburin aka yi shi. Baba ya sa aka nemo sabon kile na milimita 5, ya share cikin notin da allura dan kilen ya shige har ƙarshe inda kusurwa ba ta cinye ba, ɗigon mai ɗaya a zaren, tsirkiyoyi a sake, ni na danne jikin gitar yaron ya ɗan tanƙwara kan wuyan baya da hannu dan kada notin ya ɗauki nauyin shi kaɗai, aka murɗa kwata zuwa dama aka bar ta ta kwana. Kwata uku cikin sati guda, rata ta sauko 0.35. Aka ɗaga ƙarafan jaki, Mi 2.5 Sol 2 a firet na 17, aka daidaita kowace tsirkiya a firet na 12 da manhajar waya, wadda ta haura a ja ƙarfenta baya. Baba ya karɓi jaka 3, da ƙyar ma.

Yuni 2023: kuran ya fara kama shi

Bikin farko bayan gyara sauti ya fito tas, mai piyano har dariya yake. Amma yaron yana yin amshi, da ya matso leɓensa ya taɓa mikoron waƙa hannunsa na kan tsirkiya sai ya yi baya da sauri ya dafe baki. Ya sake, ya sake ji. Washegari a ɗakin gwaji Baba ya ɗora mita tsakanin tsirkiya da kan mikoron, volt 104.

Kan fil ɗin ampulin mai ƙafa uku ne irin na Ingila, an cusa shi a adafta, adaftan a ralonji mai waya biyu, ƙafar ter, wato ta wayar ƙasa, ba ta haɗe da komi ba. A cikin ampuli akwai ƙananan kondansate na tace ƙara da aka yi su dan su zubar da ɗan kuran kaɗan ta wayar ƙasa, in babu ita sai jikin ampulin ya tsaya a wajen rabin 220. Tun ranar saye haka yake, sai dai wayar jaki da ta yanke ta raba tsirkiya da jikin ampuli, da aka gyara ta sai kuran ya iso hannunsa.

Shawarwari suka yi ta zuwa, a sa wa mikoro soso, ya sa takalmin roba, a juya kan fil a piriz, an juya ɗin awo ya sauka amma bai tafi ba. Mai solo yace a cire wayar Baba kawai a huta. Baba yace "ƴaƴana kada garin neman gira a rasa ido, yanzu ɗan kaɗan ne yake ji sabida kondansate na da lafiya, ranar da ɗaya ya ƙone ko taransifoma ta huje 220 ne cikakke zai zauna a jikin ampulin, ko kun cire wayar farantin nan da kan fil suna ɗauke da shi, zai shiga ta hannu ya fita ta baki, kuma ƙirji ne a tsakani."

Aka kira mai aikin kuran. Ralonji mai waya uku, piriz mai ter wanda duk kayan sauti za su hau shi tare, ampulin bas da tebur da piyano, da disjonkte mai yankewa in kuran ya zurare da miliampa 30 a cikin ɗan akwati. Sai piket, wato sandar da ake kafawa cikin ƙasa a haɗa wayar ter da ita, na jan ƙarfe mita 1.5. Wanda ya san Zinder ya san duwatsunta, wurin farko ko rabin mita bai shiga ba ya ci karo da dutse, aka koma kusa da makwararar ruwan wanka inda ƙasa ba ta bushewa ya shige duka. Na fita biki an yi wani gajere, ana kafa shi a zuba masa bokitin ruwa. Awo tsakanin tsirkiya da mikoro ya dawo ƙasa da volt 1. Jaka 32, orkes ɗin suka raba.

Agusta zuwa Satumba 2023: damina, gurup, iyaka a rufe

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke kuran a farkon Agusta, mu kuwa Zinder da Maraɗi layin da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa muka dogara da shi, iyakoki kuma aka rufe. Gwaji da biki duk suka koma gurup.

Ana tsakar ruwan Agusta gitar ta fara ƙarr a firet na 1 zuwa na 5. Wannan karon yaron da kansa ya danne ya auna, tsirkiya kwance take a kan firet na 8 ba rata ko kaɗan, katako ya sha laima wuya ya koma baya. Ya sassauta notin kwata zuwa hagu, ya bari ta kwana, ya ƙara rabin kwata, 0.3. Bai kira kowa ba.

Sai kuma ampuli ya fara ɓarɓar in an bugi Mi da ƙarfi, har an fara cewa ga ta nan ta dawo. Mita a piriz ta nuna 185 duk lokacin da firjin masu biki ya tashi, gurup ɗin ƙarami ne an ɗora masa fitilu da firji da sono, kuma nota mai kauri ita ta fi jan kuran. Da aka raba sono da sauran kaya ɓarɓar ta tafi. Mai aikin kuran ya dawo ya haɗa jikin gurup da piket ya gyara haɗin yadda disjonkten zai yi aiki a kansa, dan a ƙaramin gurup ba kullum yake yankewa ba in ba a yi haka ba.

Tsirkiyoyi kuma sun mutu da gumi da ƙura, ga Kano ba shiga Kwatano ba shiga. Wasu na dafa su a ruwa, yana ɗan dawo da haske amma yana jawo tsatsa, shi ya jiƙa su kwana ɗaya a alkol na farmasi ya shanya, suka kai shi har aka buɗe iyakar Najeriya cikin Maris 2024 ya samu sabbi masu lambar kauri 45 zuwa 105.

Janairu zuwa Maris 2024: hunturu na biyu

Kafin sanyi ya sa kafinta ya yi mata akwati mai murfi, a ciki akwai gwangwanin sabulu da aka huhhuda da jiƙaƙƙen soso a matse, ba ya barinta a rana ko jingine a bango. Ranar 14 ga Janairu rata 0.6, ba 1.1 ba, kwata ɗaya ya mayar da ita. Cikin Fabrairu da katako ya kai ƙarshen bushewa aka rufe gefen wuyan da sikoch aka goge bakin firet da ƙaramar zarto, dan in an goge a lokacin ba sa sake fitowa. Tsat-tsat bai dawo ba, zzz bai dawo ba, kuran bai sake kama shi ba. Tsofaffin mikoron da aka cire Baba ya auna su, kowanne wajen om 7,000, lafiyarsu ƙalau.

Yadda na ga lamarin

A ganina gitar nan ba ta taɓa zama mummuna ba. Cuta huɗu ce ta taru a kanta aka riƙa kiransu da suna ɗaya, a cikinsu kuma ɗaya ce kaɗai tata ta haihuwa, wayar jakin nan da aka yi wa aikin ganin ido a inda aka ƙera ta, ita ma hunturunmu ne ya ƙarasa ta da ya saki kusoshi. Wuya na yanayin garinmu ne kuma zai ci gaba da motsi sau biyu a shekara muddin tana Zinder. Gurnani halin irin mikoron ne. Kuran kuma na ralonji ne da piriz, da kowace gita aka kawo haka za ta yi.

Jaka 29 na mikoro da kafinta da liƙi sun tafi a banza, kuma ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Sun tafi ne sabida an sayi kaya kafin a auna, alhali alamar tana kan ƙaramin yatsan yaron wata biyu cur. Baba bai fi kowa sanin gita ba, abin da ya yi kawai ya raba ƙarar gida-gida, ya taɓa abu ɗaya ya saurara kafin ya taɓa na biyu. Ɗan kasuwar ban ga laifinsa sosai ba, lokacin da ya sayar wayar na ɗan taɓawa wuya kuma a miƙe yake, sai dai gwaji a tsakiyar hayaniyar kasuwa ba ya nuna komi, da an kai ta ɗaki shiru an taɓa tsirkiya an saki da an ji alama tun ranar.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Yuni. Ƙara kunya kawai take ba mutum a gaban jama'a, wannan kuwa rai ne, kuma har yanzu ina zuwa bukukuwa ina ganin yara da gita a hannu ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ralonji mai waya biyu an ɗaure shi da leda, an ɓalle ƙafar ter da filaya dan ta shiga piriz. Wallahi gabana faɗuwa yake. Jaka 32 ɗin nan su ne kuɗin da suka fi amfani a duk abin da aka kashe, ni kam yanzu ba na kunna sono sai na kafa piket na danna maɓallin gwajin disjonkte na ga ya faɗi.

Abin da bai gyaru ba har yau notin sandar wuya ne, rabin kusurwarsa a cinye take, kile na kamawa ne kawai in an tura shi can ƙasa, kuma kowane hunturu da damina sai an taɓa shi. An ba direba sautun wani daga Kano sau ɗaya zaren bai zo daidai ba, yanzu Baba yace a bari sai an kwance tsirkiyoyi a ciro shi a tafi da shi a hannu a gwada a can.